Ma'anar "Ɗigon Jini Ɗaya" a Amurka

Mahaifiyar Barack Obama Baturiya ce daga jihar Kansas, mahaifinsa ɗan Kenya. A wurinmu da sai a ce ruwa biyu ne, ko a jingina shi ga dangin uba. Amma a Amurka baƙar fata ake ce masa kai tsaye, shi ma abin da ya zaɓa ke nan a takardar ƙidayar 2010. Tushen wannan shi ne abin da suke kira ƙa'idar ɗigon jini ɗaya: muddin akwai ɗan Afirka ko guda a cikin kakanninka, to kai baƙi ne, komai hasken fatarka.

Abin ya samo asali tun zamanin bauta. A 1662 Virginia ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, don haka ɗan da ubangida ya haifa da baiwarsa bawa ne, dukiya ce ta ƙaru. A 1924 jihar ta ƙara ɗaure zancen da dokar da ta ce Bature shi ne wanda ba shi da ko burbushin wani jini, kuma ba ya aure sai da irinsa. Sai dai an bar ƙofa ga masu ɗan jinin Indiyawan Amurka, wato 'yan asalin ƙasar, saboda manyan gidajen da ke alfahari da cewa su jikokin Pocahontas ne, 'yar wani sarkin Indiyawan da ta auri Bature. Dokar ta san wanda take tsoro.

Wurin aure ne ta fi cizo. Richard Loving, Bature, ya auri Mildred Jeter, wadda ba Baturiya ba ce, a birnin Washington a 1958. Da suka koma gida Virginia aka kama su cikin dare, aka yanke musu shekara ɗaya a kurkuku, ko su bar jihar na shekara 25. Alƙalin, Leon Bazile, ya kafa hujja da cewa Allah ne ya raba launuka ya ajiye kowanne a nahiyarsa. Ya manta bai tambayi wa ya ɗebo baƙaƙen a jirgin ruwa ba. Kotun Ƙoli ta rushe irin waɗannan dokoki ranar 12 ga Yuni, 1967, lokacin suna aiki a jihohi 16.

Kiristocin da suka yi adawa da irin fahimtar wannan alƙali daga Littafi Mai Tsarki suka ɗauko amsa. Ayyukan Manzanni 17:26 ta ce daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai. A Littafin Ƙidaya sura 12, Maryamu da Haruna, 'yan'uwan Musa, sun yi gunaguni kan matarsa 'yar Kush, wata ƙasa a Afirka, Maryamu kuwa ta ƙare da kuturta, fata fari fat.

Duk da haka al'ada ta fi doka tsawon rai. Jami'ar Bob Jones, ta Kirista, ba ta janye haramcin soyayya tsakanin ɗalibai masu launi daban ba sai a 2000. A shekarar ne Alabama ta goge haramcin auren daga kundin tsarin mulkinta, kuma a ƙidayar shekarar ne aka fara barin mutum ya zaɓi launi fiye da ɗaya.