Zanen matan kokawa a Amurka da masu zana shi

Zanen matan kokawa wani reshe ne na labaran zane wanda ya yi tashe a ɓoye a Amurka daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa shekarun 1970. Ƙashin labarin kusan kullum ɗaya ne: mata biyu sun ƙulla gaba, sun kama kokawa ko dambe, ɗaya ta kai ɗaya ƙasa. Don manya ake yin sa, kuma don motsa sha'awa, shi ya sa ba a baza shi a teburin mai jarida. Ta gidan waya ake sayensa, ko kuma a bayan kanta a wasu shagunan littattafai na unguwar Times Square a birnin New York. Kowane shafi da hannu aka zana shi, da fensir da tawada da buroshi.

Asali

Cibiyar harkar wani shago ne mai suna Movie Star News a titi na 14 a Manhattan, mallakar Irving Klaw (1910–1966) da 'yar'uwarsa Paula. Hotunan taurarin fim suke sayarwa tun farko. Da Klaw ya lura cewa wasu masu saye sun fi neman hotunan da ake nuna mata cikin faɗa ko a ɗaure, sai ya fara ɗaukar irin waɗannan hotuna da kansa, ya kuma sa a riƙa zana masa labarai. Bettie Page, wadda sunanta ya fi na kowa fita cikin matan da ya ɗauka hoto, a wurinsa ta yi yawancin wannan aiki.

Akwai dalilin da ya sa kokawa ta samu karɓuwa a wancan lokaci. Kokawar mata sana'a ce da ake kallo a filayen wasa na Amurka, har Mildred Burke ta yi shekaru tana riƙe da kambun duniya. Amma jihar New York ta haramta ta, ba a ɗage haramcin ba sai a 1972. Abin da aka hana mutum gani a fili, sai ya neme shi a takarda. Ga kuma dokar Comstock ta 1873, wadda ta hana aika kayan batsa ta gidan waya. Saboda tsoron wannan doka Klaw ya kafa ƙa'idar cewa ba tsiraici a kayansa. Wannan ƙa'ida ita ta siffanta zanen gaba ɗaya: matan na sanye da tufafi, da dogayen safa da takalma masu tsini, duk ƙarfin hoton kuwa ya koma kan riƙo, da murɗa hannu, da jan gashi, da fuskar wadda ta yi nasara.

Masu zane

Wanda aka fi dangantawa da wannan fanni shi ne Eric Stanton. An haife shi a Brooklyn a 1926 da sunan Ernest Stanzoni, ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya fara yi wa Klaw zane a ƙarshen shekarun 1940. Daga baya ya shiga makarantar koyon zane ta New York wadda yanzu ake kira School of Visual Arts, inda Jerry Robinson, ɗaya daga cikin masu zanen Batman na farko, ya koyar da shi. Bambancin aikinsa kafin makarantar da bayanta a fili yake. Jikin matansa ya samu nauyi. Idan ɗaya ta danne ɗaya, mai kallo zai ga inda gwiwa ta nutse, da yadda jijiyar wuya ta tashi, da yatsun ƙafa da suka kafe a ƙasa don neman madogara. Ya san yadda ƙashi da tsoka ke aiki, kuma wannan sani ne ya raba shi da ɗimbin masu kwaikwayonsa. Matansa manya ne, ƙarfafa, su ke da iko a cikin labarin. Namiji idan ya shigo, yawanci shi ke shan kashi.

A makarantar nan Stanton ya haɗu da Steve Ditko. Daga 1958 suka yi kusan shekara goma suna aiki a ɗaki ɗaya, a mahaɗar titi na 43 da Eighth Avenue. A cikin waɗannan shekaru ne, a 1962, Ditko tare da Stan Lee suka fito da Spider-Man. Wato a teburi ɗaya ana zana jarumin da yaran duniya za su sani, a teburin gefe kuma ana zana abin da ake aikawa cikin ambulan marar suna. Masu nazarin zane sun daɗe suna nuna alamun hannun Ditko a tawadar wasu shafukan Stanton.

Na biyu shi ne Gene Bilbrew (1923–1974), baƙar fata ɗan Los Angeles, wanda ya taɓa aiki a ɗakin zanen Will Eisner, shahararren mai labaran zane. Yakan sa hannu da “Eneg”, wato sunansa a juye. Layinsa ya fi na Stanton kaifi, yana son baƙar tawada mai sheƙi, yana kuma tsawaita ƙafafu da matse ƙugu fiye da yadda halitta take. Ya rasu ba tare da ya ga ranar da za a yaba aikinsa ba, abin da ya kamata a ce an yi tun yana raye.

Dukansu biyu sun sha daga tafkin John Willie, Baturen Ingila mai ainihin suna John Coutts, wanda aka haifa a Singafo a 1902, ya kafa mujallar Bizarre wadda ta riƙa fitowa daga 1946 zuwa 1959. Shi ya fi karkata ga zanen ɗauri, ba faɗa ba.

Yanayin sana'ar

Ba sana'ar arziki ba ce. Mai zane yakan karɓi kuɗin shafi, mawallafi ya riƙe asalin zanen ya yi ta bugawa. Babi babi ake sayar da labari, kowane babi ya tsaya a inda mai saye zai so sanin wadda za ta tashi. Da yawa sun ɓuya a bayan laƙabi, wasu ba su sa hannu ba sam, shi ya sa har yau ake gardama kan wanda ya zana wasu ayyukan. Bayan Klaw, Stanton da Bilbrew sun yi wa mawallafa irin su Leonard Burtman da Edward Mishkin aiki.

Gaban shari'a

Shekarar 1954 ta zo wa labaran zane da tsanani: Majalisar Dattawa ta yi zaman sauraro kan alaƙarsu da lalacewar matasa, kamfanonin kuma suka kafa wa kansu hukumar tacewa. A 1955 kwamitin Sanata Estes Kefauver ya kira Klaw, shi kuwa ya ƙi amsa tambayoyi bisa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi. An gurfanar da shi daga baya kan aika batsa ta gidan waya, aka same shi da laifi, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1965. Cikin wannan dambarwa aka lalata kaso mai yawa na asalin hotunansa; Paula ce ta ɓoye wasu suka tsira. Mishkin bai yi wannan sa'a ba. A 1966 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da ɗaurin shekara 3, ta kuma ce abu na iya zama batsa ko da wani ƙaramin rukunin mutane kaɗai yake motsa wa sha'awa. Hukuncin ya rushe garkuwar da mawallafan suka daɗe suna fakewa da ita, wato cewa babu tsiraici.

Daga baya

Da aka sassauta dokoki a shekarun 1970, hotuna da finafinai suka cinye kasuwar zanen hannu. Stanton ya koma buga ƙananan littattafansa da kansa, yana kiransu Stantoons, yana aika wa masu saye kai tsaye, wasu ma su ke faɗa masa labarin da suke so ya zana. A 1997 kamfanin Taschen na Jamus ya tattara ayyukansa a babban littafi, sunansa ya fito sarari a shagunan littattafan fasaha. Ya rasu a watan Maris na 1999.