Auna Ƙarfin Takarar Mai Neman Gurbin Karatun Likitanci a Ƙasashen Waje

Auna ƙarfin takara shi ne kwatanta abin da ɗalibi yake da shi na sakamakon karatu, da makin jarrabawar shiga, da gogewa, da halin biyan kuɗi, da abin da waɗanda wata makarantar likitanci ta ɗauka a shekarun baya suka zo da shi, domin a gane gwargwadon damarsa kafin ya kashe kuɗin fom da na jarrabawa. Wannan ƙarfi ba sifa ba ce da ɗalibi ke yawo da ita ko'ina. Ya danganta ne da ƙasar da ya nufa, da makarantar da ya zaɓa, da kuma rukunin da za a saka shi a ciki, domin a yawancin ƙasashe baƙo ba ya gogayya da 'yan ƙasa, da sauran baƙi yake fafatawa a kan 'yan gurabe kaɗan da aka ware masu.

Sharaɗin neman shiga da matakin da ake ɗauka

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar mafi ƙarancin sharaɗin da makaranta ta wallafa a matsayin matakin da ake samun gurbi da shi. Wannan sharaɗi yana nuna wanda za a duba takardunsa ne kawai. Tunda masu nema sun ninka gurabe nesa ba kusa ba, ainihin matakin yana tashi sama da abin da aka rubuta, kuma yana canzawa kowace shekara bisa ƙarfin waɗanda suka nema. Saboda haka ma'aunin da ya dace shi ne matsakaicin makin waɗanda aka ɗauka, da mafi ƙarancin makin da aka kira mutum intabiyu da shi a bara, in makarantar na fitar da waɗannan alƙaluma.

Matakin karatun da ake shiga da shi

Tambaya ta farko ita ce ko takardar da ɗalibi ke riƙe da ita tana cikin waɗanda ake karɓa. A Amurka da mafi yawan jami'o'in Kanada, likitanci karatu ne na bayan digiri na farko, kuma makarantu da dama a Amurka suna neman a ce mai nema ya yi wani ɓangare na karatunsa na kimiyya a wata jami'ar Amurka ko Kanada. A Birtaniya ana shiga daga sakandare, amma da sakamakon A-Level, jarrabawar ƙarshen babbar sakandare ta ƙasar, galibi A uku ko sama da haka, har da kemistiri, sau da yawa kuma da bayoloji. A Jamus, wanda takardarsa ta sakandare ba ta kai darajar Abitur ba, wato takardar kammala sakandare ta Jamus, sai ya yi shekarar share fage a kwalejin da ake kira Studienkolleg, a ajin da ake kira M-Kurs. Faransa kuwa, wadda masu bakaloreya daga Nijar suka fi sanin tsarinta, ta soke PACES, shekarar farko ta bai-ɗaya ta karatun lafiya, a 2020 ta maye gurbinta da hanyoyin PASS da L.AS, inda babbar tantancewar take zuwa bayan an shiga jami'a an yi shekarar farko.

Misalin ɗaliba mai A1 a kemistiri da bayoloji da fizis a jarrabawar WAEC yana fito da wannan bambanci fili. A jami'o'in Masar ko Sin takardarta na iya wadatar da ita. A Hungari, inda jami'o'in Semmelweis da Debrecen da Pécs da Szeged ke koyar da likitanci da Turanci, takardar za ta ba ta damar zama jarrabawar shiga ta bayoloji da kemistiri wadda jami'ar ke shiryawa da kanta. A mafi yawan makarantun Birtaniya sai ta ƙara A-Level ko shekarar share fage, a Amurka kuma ba ta ma kai matakin nema ba tukuna. Hazaƙarta ɗaya ce a duk wuraren nan, amma matsayinta a takara ya bambanta ƙwarai.

Kason baƙi

Gwamnatoci suna kashe kuɗi mai yawa wajen horar da likita, kuma gadajen asibitocin koyarwa ƙidayayyu ne, shi ya sa suke fifita 'yan ƙasa. A Ingila an daɗe da ƙayyade kason ɗaliban ƙetare a makarantun likitanci da gwamnati ke tallafa wa a kan kusan kashi 7.5 cikin ɗari. Ajin da ke ɗaukar mutum 300 ke nan bai wuce ya ba baƙi gurbi ashirin da 'yan kai ba, kuma masu neman su daga duk duniya suke fitowa. A Amurka akwai makarantun da ba sa karɓar takardar baƙo sam. Wannan ne ya sa alƙaluman da makaranta ke bayarwa a dunƙule suke yaudarar baƙo, domin yawancin waɗanda aka ƙirga 'yan ƙasa ne. Abin da ya shafe shi shi ne yawan baƙin da suka nema da yawan waɗanda aka ɗauka daga cikinsu.

Jarrabawar shiga

Tunda tsarin ba da maki ya sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa, jarrabawar bai-ɗaya ce ke ba makaranta damar jera masu nema a sahu guda. A Amurka ita ce MCAT, wadda ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, ke shiryawa. Tun 2015 tana da sassa huɗu, kowanne daga maki 118 zuwa 132, jimilla daga 472 zuwa 528, kuma matsakaicin makin waɗanda ke samun gurbi yana kusa da 511 zuwa 512. Makarantu suna ganin duk zaman da mutum ya yi, don haka shiga jarrabawar ba tare da shiri ba da niyyar gwaji yana barin tabo a takardunsa.

A Birtaniya ana zama UCAT, wadda ta zama kusan ita kaɗai bayan an daina takwararta BMAT a ƙarshen 2023. Daga 2025 sassanta na auna tunani uku ne, kowanne daga 300 zuwa 900, sai kuma sashen auna hukunci a yanayin aiki wanda ake ba da matsayi daga na 1 zuwa na 4, kuma akwai jami'o'in da ba sa duba wanda ya faɗa matsayi na 4 komai yawan makinsa. A nan ne auna kai yake da tasiri kai tsaye. Ɗalibi yana karɓar sakamakonsa da zarar ya fito daga ɗakin jarrabawa, tun kafin wa'adin 15 ga Oktoba na miƙa takardu ta UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta a Birtaniya, kuma makarantun likitanci huɗu kacal aka yarda ya zaɓa. Wasu jami'o'in suna jera masu nema da makin UCAT zalla, wasu suna haɗa shi da sakamakon sakandare. Mai matsakaicin maki da kyakkyawan sakamakon makaranta, in ya zuba zaɓinsa huɗu a jami'o'in rukunin farko, ya yi asarar shekara guda, alhali da ya nufi rukuni na biyu da wataƙila an kira shi.

Jami'o'in gwamnatin Italiya masu koyarwa da Turanci suna amfani da IMAT, mai tambayoyi 60 cikin minti 100, inda ake rage maki a kan amsar da ba daidai ba. Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba yana takara ne a kan guraben baƙi na jami'ar da ya zaɓa, saboda haka makin da ya gaza a wani gari yana iya wadatarwa a wani. A Ostireliya masu digiri suna zama GAMSAT.

Intabiyu da gogewa

Maki yana kai mutum bakin intabiyu ne, daga nan kuma sai a duba hali. Makarantu da yawa sun rungumi tsarin gajerun intabiyu masu yawa da ake kira MMI, wanda Jami'ar McMaster ta Kanada ta ɓullo da shi a farkon shekarun 2000. Mai nema yana zagaya tashoshi da dama, kowace ta 'yan mintoci, da mai tantancewa daban a kowace. A wata za a ce ya sanar da wani mummunan labari ga mutumin da ke kwaikwayon majinyaci, a wata a tambaye shi abin da zai yi in ya ga abokin karatunsa yana satar amsa. Ana neman shaidar cewa ya taɓa kusantar marasa lafiya, ko da aikin sa-kai ne a ƙaramin asibiti, kuma abin da ya fahimta daga wurin ya fi yawan kwanakin da ya yi muhimmanci. Wannan ɓangare ne ya fi wuyar aunawa da kai, kuma shi ne masu ƙarfin maki suka fi rainawa.

Harshe da kuɗi

Makarantun Birtaniya galibi suna neman maki 7.0 ko 7.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS. Ko inda ake koyarwa da Turanci, majinyata da harshensu suke magana, shi ya sa ɗalibi a Hungari ko Sin ko Masar ke buƙatar harshen ƙasar idan ya shiga ɗakunan jinya. Kuɗi kuma sashe ne na takarar kanta. Baƙo ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka, kuma wasu makarantu suna neman shaidar kuɗin duk shekarun huɗu kafin su tabbatar da gurbi. Tallafin karatu irin su Stipendium Hungaricum na gwamnatin Hungari, ko wanda jihohi kamar Kano da Jigawa suka riƙa bayarwa, yana da tasa gasar daban da ta neman gurbi.

Amincewar hukumomi

Sauƙin samun gurbi ba alamar nasara ba ce, domin akwai makarantun da ke ɗaukar kusan duk wanda ya iya biya. Abin dubawa shi ne ko makarantar na cikin kundin makarantun likitanci na duniya da ƙungiyoyin ilimin likitanci na WFME da FAIMER ke kula da shi, da kuma ko hukumar ƙasar da mutum zai yi aiki ta amince da ita. Mai son aiki a Amurka sai ya bi ta ECFMG, hukumar tantance likitocin da suka yi karatu a ƙetare, da jarrabawar lasisin aiki ta USMLE. Wanda zai dawo Najeriya dole ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN, hukumar kula da likitoci ta ƙasar, kafin ya fara shekarar horo a asibiti. Zaman lafiyar ƙasar ma yana shiga lissafi: yaƙin Yukiren a Fabrairun 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun katse karatun ɗaliban likitanci 'yan Najeriya masu yawa, kuma MDCN ta bayyana cewa ba ta amince da karatun likitanci da aka kammala ta intanet ba, lamarin da ya tilasta wa da dama neman canjin makaranta, wasu har da maimaita aji.