Wai "tatsuniyar Girkawa": wa ya taɓa gina wa Gizo ɗakin bauta?

Kwanan nan duk bidiyon da ka buɗe a Facebook kan gumakan Girka, abin da za ka ji shi ne "tatsuniya". Kalmar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya. Tatsuniya ai da "ga ta nan ga ta nanku" take farawa, ta ƙare da "ƙurunƙus", kuma mai bayarwa da masu saurare duk sun san ƙarya ce. Babu wanda ya taɓa yanka wa Gizo ko da kaza.

To ga Hifestus, abin bautar maƙera da masu sana'ar hannu a wurin Girkawan da can. Gurgu ne, kuma a wata ruwayar Ziyus, shugaban abubuwan bautarsu, ne ya wurgo shi daga sama, ya wuni yana faɗowa, sai da rana ta faɗi ya dira a tsibirin Lemnos. Wannan kam ya yi kama da hirar dare, na yarda. Amma a tsibirin nan har gari aka sa wa sunansa, Hifestiya, kuma a wancan zamanin duk shekara sai a kashe wutar kowane gida da kowace maƙera na kwana 9, har jirgin ruwa ya kawo sabuwa daga tsibirin Delos. Maƙeri ya rufe zugazugi kwana 9, iyalinsa ba sa hura murhu, saboda tatsuniya?

A birnin Atina an fara gina masa ɗakin bauta wajen shekara ta 449 kafin haihuwar Annabi Isa, a kan tudu saman kasuwa, daidai unguwar masu narka tagulla. Ginin na nan tsaye har gobe, don daga baya an mayar da shi coci har zuwa 1834. A zamanin da, Hifestus yana da masu yi masa hidima da yanka, ana yi masa biki da tseren ƴan gudu riƙe da wuta. Ko a waƙar yaƙin Taroyi ta tsohon mawaƙin Girka, Homa, an ambaci wani attajiri, Dares, mai hidimarsa, wanda Hifestus ya ceto masa ɗa guda a fagen fama bayan an kashe ɗayan.

Na san masu cewa tatsuniya gudun shirka suke yi, kada a ce sun gaskata. Amma ai gumakan Ƙuraishawa ma ba mu ce musu tatsuniya. Cewa muke yi bautar gumaka, kuma hakan nan ya kamata a kira na Girkawa.