Na iya Turanci, to Faransanci zai min sauƙi? Tambayoyin da masu koyo suka fi yi

Yawancin masu irin waɗannan tambayoyi 'yan Najeriya ne da suka yi boko da Turanci, wasu ɗalibai ne wasu kuma 'yan kasuwa masu shiga Maraɗi ko Kwatano ko Garwa, sun fara Faransanci a waya ko a aji sai grama ta tsaya musu a wuya. Ga su nan yanda ake yinsu.

Malam ance wanda ya iya Turanci ya riga ya ci rabin Faransanci, gaskiya ne?

Rabi dai ya yi yawa, amma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 1066 William na Normandi ya ƙetaro teku ya ci Ingila da yaƙi, daga nan aka ɗau shekaru ɗaruruwa fada da kotu da masu hannu da shuni duk Faransanci suke yi, talakawa ne aka bari da Turanci. Shi yasa zaka ga table, nation, question, village, important rubutunsu ɗaya a harsunan biyu, faɗa ce kawai ta bambanta. To amma kalmomi Turanci ya ara, bai ari ginin jimla ba, shi asalinsa dangin Jamusanci ne, Faransanci kuma daga Latin ya fito. Don haka Turancinka zai taimake ka wajen gane kalma a takarda, amma in aka zo grama wallahi Hausarka ta fi Turancin amfani nesa ba kusa ba, kuma abun haushi yawancin littattafan koyon nan da Bature aka rubuta wa, suna ta wahalar bayyana masa abun da kai tun kana goye ka sanshi.

Kuma ko a kalmomin ma a yi hattara, akwai masu kama da juna amma ma'ana ta raba gari. Librairie shagon sayar da littattafai ne ba laburare ba, attendre jira ne, demander kuma tambaya ce ko roƙo cikin ladabi, actuellement yana nufin a halin yanzu.

Wannan le da la ɗin ne ke haukata ni, ya za a ce tebur mace ce?

To kai da kake cewa rana ta faɗi, wata ya fito, wa ya taɓa duba jinsinsu? Bature ne ya kamata ya yi wannan kukan don shi the ɗaya gareshi ga komai. Kai ka riga ka saba kowane suna ko namiji ne ko tamata, ka saba cewa farin gida, farar mota, fararen kaya, su ma haka suke yi, blanc, blanche, blancs. Matsalar ɗaya ce, jinsin nasu ba lallai ya dace da namu ba. La voiture mace ce kamar mota, le livre namiji ne kamar littafi, amma le soleil namiji ne alhali ranarmu mace, la lune mace ce watanmu namiji, la maison mace gida namiji, haka ruwa ma nasu mace ne.

Dabarar kawai kada ka taɓa haddace suna shi kaɗai, ka haddace shi da un ko une ɗinsa tamkar kalma ɗaya ce. Na ce un da une ne ba le da la ba saboda in suna ya fara da wasali l' ake sawa, l'école, l'avion, sai jinsin ya ɓuya maka. Ƙarshen kalma ma yana ɗan haska hanya yanda -a take mana a Hausa: masu ƙarewa da -tion kusan duk mata ne, masu -ment kusan duk maza, masu -age maza ne in ka cire irinsu la page, la plage, une image.

Me yasa ake cewa sa mère ko da namiji ne mai uwar?

Nan ne Turanci ke kada mutane ƙasa sosai. A Turanci mai abu ake kallo, in namiji ne his in mace ce her. Faransanci ba ruwansa da mai abu, abun da aka mallaka yake kallo. Son père mahaifinsa ne kuma mahaifinta ne, sa mère mahaifiyarsa ce kuma mahaifiyarta ce. Hausa duka biyun take nunawa, in ka ce motarsa, -r ɗin nan ta mota ce, -sa kuma na mai motar. To ka ɗauka son da sa aikin -n da -r suke yi, shikenan ka huta.

Aikatau fa? Na ga teburin conjugaison sai da gabana ya faɗi

Kowa ma haka. A Turanci -s ɗaya kake ƙarawa ka wuce, nan kuma kowane mutum da nasa ƙarshen a kowane lokaci. Amma abun bai kai yanda yake a takarda ba, duba parler: je parle, tu parles, il parle, ils parlent, duk huɗun nan faɗarsu ɗaya ce a baki, nous parlons da vous parlez ne kawai suka fita daban. Kuma mafi yawan aikatau na wannan rukuni ne mai ƙarewa da -er, in ka iya ɗaya ka iya dubbai. Sai rukuni na biyu irinsu finir, sai na uku na 'yan taurin kai. A cikin 'yan taurin kan akwai huɗu da ba makawa sai ka haddace su kamar sunanka, être, avoir, aller da faire, don da ukun farko ake gina wasu lokutan, kuma duk huɗun kullum ake amfani da su. In ka riƙe aller ma ka samu lokaci mai zuwa a ɓagas, je vais manger, zan ci, ba sai ka jira darasin futur ba.

Avoir kuma ga wani wuri da Hausa ta sake cin riba. Mai tunani da Turanci zai ce je suis 20 ans a yi masa dariya, daidai shine j'ai 20 ans, ina da shekara 20, sak yanda muke faɗa.

Passé composé da imparfait, wanne ake sawa yaushe?

Ka faɗi jimlar da Hausa tukuna zaka ji amsar da kunnenka. Ina cin abinci sai ya shigo. Cin abincin yana gudana ne, shine imparfait, je mangeais. Shigowar kuma abu ne da ya faru tashi ɗaya ya ƙare, shine passé composé, il est entré. Haka in abu ne na al'ada, da muna yara mukan je gona, nous allions au champ, imparfait ne. Duk inda Hausa ta ce yana ko yakan a labarin da ya wuce, to imparfait ka nufa, inda ta ce ya yi ko sai ya yi, ɗayan ne.

Inda aikin yake shine passé composé ɗin kala biyu ne. Yawanci avoir ake sawa, j'ai mangé, amma akwai 'yan tsiraru na tafiya da sauyin hali da ke ɗaukar être, irinsu aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, rester, tomber, naître da mourir, kuma su sai an daidaita su da jinsi da adadi, il est parti, elle est partie, ils sont partis. A baki parti, partie da partis duk ɗaya ne, a jarabawa ne ake zabge maki.

Ne da pas, dole ne duka biyun?

Ba ka ce ban ci ba? Ba a gaba ba a baya, aikatau a tsakiya, je ne mange pas. A rubutu dole biyun, a hira kuma yawanci ne ɗin suke haɗiyewa, zaka ji je sais pas.

Tu ko vous?

Vous ga jama'a ne kuma ga mutum ɗaya da kake girmamawa, kamar yanda ake ce wa suruki ko dattijo kun tashi lafiya. Jandarma a kan boda, malami, mai shago da baka sani ba, duk vous, kar ka yi gangancin tu sai shi ya fara.

Lambobi daga 70 zuwa sama fa, wa ya ƙirƙiro wannan wahala?

Hhh gaskiya nan kam ba mai kare su. 70 soixante-dix ne wato sittin da goma, 80 quatre-vingts wato ashirin huɗu, 97 kuma quatre-vingt-dix-sept, ashirin huɗu da goma da bakwai. Mutanen Beljiyam da Suwizalan sun sauƙaƙa wa kansu da septante da nonante, amma a Nijar da Kamaru da Chadi da Benin irin na Faransa ake yi, don haka ba gudu. Ko da yake mu masu cewa ɗari ba uku bai kamata mu cika surutu ba. Ɗan kasuwa kuma ya sani in an juya ciniki zuwa Hausa a Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5, dala ashirin sefa 100, mai sabon zuwa yakan rikice a nan fiye da a quatre-vingts.

Subjonctif da ake tsorata mu da shi?

Bar shi sai ka yi nisa. In ka kai wurin ka tuna bambancin ka zo na jiya da dole ka zo, ko ina so ka zo. Il faut que tu viennes, je veux que tu viennes, wuraren da Hausa ke sa wannan siga kusan nan ne su ma suke sa tasu.

A ina zan koya, kuma wace takarda ake nema?

Akwai Alliance Française a garuruwa da dama har da Kano, akwai kuma ƙauyen koyon Faransanci na gwamnatin tarayya a Badagry da aka kafa a 1991, inda ɗaliban Faransanci na jami'o'i ke zuwa su zauna cikin harshen. Takardar da aka fi sani DELF ce ta ma'aikatar ilimin Faransa, matakinta A1, A2, B1, B2, sai DALF mai C1 da C2, kuma ba ta ƙarewa in ka samu ka samu. Jami'o'in Faransa yawanci B2 suke nema. Masu harin Kanada kuma jarabawar TEF ko TCF ake tambayarsu, su shekara 2 sakamakonsu ke yi, don haka kar ka rubuta tun takardunka basu haɗu ba.