Abin da yara ke ci da ido a littattafan labari

Ga tambayoyin da iyaye mata suka fi yi mini a makarantar rainon da nake koyarwa a Agege.

Malama, yaron da bai iya karatu ba, me littafi zai koya masa game da abinci?

Hoto yake karantawa. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana lura da abin da jarumin labari ke kaiwa baki. Abin da ya fi damuna shi ne labarin da ake saka wa yarinya mai ladabi da alawa, a ce wa mai ƙiriniya ba zai tashi ba sai ya cinye ganyensa. Yaro ya riga ya gane cewa zaƙi lada ne, ganye kuwa horo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so sukari ya kasance ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da abinci ke ba jiki a rana.

To, littattafan da ke hannunmu fa?

Galibin waɗanda suka zo hannuna tuffa ce da kek da askirim. Wata rana na ɗaga agwaluma a aji, sai wata yarinya ta ce, "Malama, wannan ba 'ya'yan itace ba ne, babu shi a littafi." Babanta kuwa kayan gwari yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Abin ya tsaya mini a rai. Gwanda da mangwaro da karas da manja suna ba da bitamin A, wake da hanta da zogale suna ƙara jini, amma ba kasafai ake zana su a littattafan ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure.

Littafi zai sa ɗana ya sha miyar ganye?

Shi kaɗai, a'a. Baƙunta yake ragewa. Yaro yakan ƙi sabon abinci sau 10 ko fiye kafin ya karɓa. Ki nuna masa hoton da rana, ki zuba masa ɗan kaɗan da dare, ki ci a gabansa, kada ki yi masa ɗura.

Idan babu kuɗin sayen littafi fa?

Ki sami kwali ki zana kuɓewa da ƙwai da kifi, ki ce "ga ta nan, ga ta nanku". A ajinmu, Gizo ɗanwake yake sata, yaran kuma su ke ƙirga guda nawa ya haɗiye kafin Ƙoƙi ta dawo.