Alfred G. Gilman

Alfred Goodman Gilman (1941–2015) masanin ilimin magunguna ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya gano furotin ɗin G, mai isar da saƙo daga fatar ƙwayar halitta zuwa cikinta. Wannan aiki ne ya ba shi lambar Nobel ta fannin likitanci a 1994, tare da Martin Rodbell.

Tasowa da karatu

An haife shi ran 1 ga Yuli, 1941 a New Haven. Mahaifinsa ma masanin magunguna ne a Jami'ar Yale, inda shi Gilman ya yi digirin farko a 1962. Ya kammala karatun likita da digirin digirgir a Jami'ar Case Western Reserve a 1969, sannan ya yi shekara biyu yana bincike a ƙarƙashin Marshall Nirenberg.

Gano furotin G

Kafin Gilman, Earl Sutherland ya riga ya nuna cewa sinadarai irin su adirinalin ba sa shiga cikin ƙwayar halitta. A waje suke tsayawa, sai wani sinadari mai suna cAMP ya ƙaru a ciki. Kamar baƙo ne da ya yi sallama a zaure: ba ya shiga gida, dole a sami yaron da zai kai saƙo. Wajen 1970 Rodbell ya lura cewa saƙon ba ya wucewa sai da sinadarin GTP, ya kuma ce lalle akwai wani a tsakani. Amma ba wanda ya kama shi.

Gilman ne ya kama shi, a Jami'ar Virginia, inda ya fara koyarwa a 1971. Shi da Elliott Ross sun yi aiki da ƙwayoyin sankarar ɓera masu tawaya, waɗanda ba sa yin cAMP ko an zuba musu sinadari irin adirinalin. Da farko an ɗauka enzayim ɗin, wato furotin ɗin da ke ƙera cAMP, ne suka rasa. A 1977 suka nuna cewa enzayim ɗin yana nan lafiya lau. Wani furotin ne dabam babu, kuma da aka tatso shi daga lafiyayyun ƙwayoyi aka zuba musu, sai suka koma aiki. A 1980 ɗakin bincikensa ya tace furotin ɗin zalla daga hantar zomo. Ya ƙunshi sassa uku. Kamar makunnin lantarki yake: idan ya riƙe GTP yana a kunne, idan ya farfasa shi sai ya kashe kansa, kuma a wannan kashe kan ne lafiyar ƙwayar halitta take.

Dangantaka da kwalara

Ga mutanen yankin Tafkin Chadi wannan ba ilimin nesa ba ne. Kwalara ta iso yankin tun wajen 1971, kuma ta yi mummunar ɓarna a 2010 da 2011 a Arewa Mai Nisa ta Kamaru da ƙasar Chadi. Dafin ƙwayar cutar yana maƙale furotin G na hanji, ya hana shi farfasa GTP. Sai ya zauna a kunne, cAMP ta yi ta hauhawa, hanji ya yi ta zubar da gishiri da ruwa. Abin da ma'aikatan jinya ke gani ke nan a Marwa ko Kuseri idan aka kawo mara lafiya yana zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, idanu sun faɗa, fata ta yamutse cikin 'yan sa'o'i. Ruwan gishiri da sukari yana ceto ne domin hanyar da hanji ke tsotsar gishiri tare da sukari dafin bai taɓa ta ba. Dafin tarin shiƙa ma wani furotin G yake lalatawa.

Tasiri

Ta hanyar furotin G ce ido ke gani, hanci ke jin ƙamshi, zuciya ke saurin bugawa. Ana ƙiyasta kusan kashi ɗaya bisa uku na magungunan zamani suna aiki ne a kan masu karɓar saƙo na fatar ƙwayar halitta da ke haɗe da furotin G. Robert Lefkowitz da Brian Kobilka sun sami Nobel a 2012 kan waɗannan masu karɓar saƙon.

Ƙarshen rayuwa

Ya koma Dallas a 1981 ya shugabanci sashen magunguna na cibiyar likitanci ta UT Southwestern, daga baya ya zama shugaban makarantar likitanci. A 2012 ya ajiye muƙaminsa a hukumar binciken sankara ta Texas saboda saɓani kan yadda ake tantance tallafin bincike. Ya rasu ran 23 ga Disamba, 2015, bayan fama da ciwon sankara.