Waiwaye: raunin wutar Damagaram ya girmi 2023

Da bazara ta kankama, gardamar fada-fada a Damagaram ba ta wuce ta wuta. Wasu na cewa a zuba sola ko'ina a huta, wasu kuma sun ɗora komai a kan Agustan 2023, lokacin da wutar Najeriya ta daina zuwa. Su duka ɗaukewar wuta ce ta dame su. Mai niƙa a Zango da mai ƙanƙara a Kasuwar Dole kuwa sun san wata cutar daban: wuta tana nan, ƙarfi ne babu. Kwan fitila ya yi ja, injin firji ya yi ta gurnani ya kasa tashi.

Farkon labarin sananne ne. An gama dam ɗin Kainji a 1968, layin Birnin Kebbi ya kai wuta Yamai, mu kuma namu ya biyo ta Katsina zuwa garin Gazawa. Damagaram ta zama wutsiyar layi, kuma waya in ta yi tsawo, nauyi ya ƙaru, ƙarfin wuta zubewa yake a hanya.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Nuwamban 2018, da aka buɗe tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, a yankin wutar da ya haɗa Tawa, Maradi da Damagaram. Bakwai ba yawa ba ne. Amma da, wuta daga manyan injina masu juyawa take fitowa, waɗanda ke riƙe ƙarfinta da kansu, ta gangaro ta hanya ɗaya. Ita sola halinta daban. Da azahar takan tura ƙarfin wuta sama a kusa da ita. Hadari ya gifta, ta ragu cikin 'yan daƙiƙu, ƙurar hunturu ma ta ci rabonta. Da magariba kuwa, daidai lokacin da kowane gida ya kunna fanka da talabijin, sai ta janye gaba ɗaya, a bar doguwar waya da kayan.

A ganina, tun ranar da aka buɗe tashar Malbaza ya kamata hirarmu ta tashi daga yawan megawat ta koma kan riƙe ƙarfin wuta a bolt 220 a ƙarshen layi. Kayan aikin ba baƙi ba ne: taransifoma mai sauya mataki da kanta, kafasito (na'urar da ke ɗaga ƙarfin wuta in ya zube) a tashoshin rarrabawa, batura masu kai wuta har bayan isha'i. Inbata ta zamani, na'urar da ke mai da wutar sola irin ta layi, ita ma tana iya tallafa wa layi ko da dare, muddin an saita ta don haka tun wajen tsara tashar.